"Karatu farkonka maɗaci, ƙarshenka zuma": dole sai yaro ya fara da ɗacin?

Maman Biyu, Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan isha'i na zaunar da ɗana mai shekara 6 ya karanta min shafi ɗaya. Ya zumɓura baki, har da hawaye. Kakarsa na gefe tana jan carbi, ta ce, "Bar shi ya yi kukan, karatu farkonsa maɗaci ne, ƙarshensa zuma." Maganar ta tsaya min a rai. Nufin magabata ke nan, sai yaro ya sha wuya zai so littafi? Tsorona kada ya tsani abin tun bai ɗanɗani zumar ba.

Almajirin Madabo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tsohuwa ta yi gaskiya, sai dai a gane wane ɗaci ake nufi. Mu da muka tashi da allo mun san shi: a fara da babbaƙu, a shiga farfaru, ka wanke allo ka sake rubutawa, ga sanyin asuba, kana maimaita abin da ba ka san ma'anarsa ba tukuna. Zumar sai ranar sauka, allonka ya sha zayyana, dangi sun taru. Ku duba itacen da aka zaɓa ma. Ɓawon maɗaci ake jiƙawa a sha don ciwon ciki. Ɗacinsa na magani ne.

Malamar Aji Biyu, Kurna:
Allah gafarta Malam, fassararka ta yi daɗi, amma ba haka ake amfani da ita a gidaje ba. An mayar da ita hujjar dorina. Ni a ganina abu biyu aka cakuɗa: koyon baƙi da son labari. Na farko da wuya, na yarda. Na biyun kuwa ina ɗacinsa? Wane yaro aka taɓa ce wa "ga ta nan ga ta nanku" ya fashe da kuka? A ajina nakan karanta musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi daga littafi, in na zo daidai inda asirin Gizo zai tonu sai in rufe, in ce sai gobe. Wallahi washegari akwai masu rigana zuwa, su dafe littafin suna haɗa baƙi da kansu don su ji yadda aka ƙare. Wahalar tana nan, su ne dai suka neme ta. Uwa ma in za ta ɗura wa jinjiri magani ai sai ta lasa masa zaƙi.

Mai Littattafai, Sabon Gari:
Ni wata zan kawo muku: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Farkon zangon karatu iyaye kan cika shagona da takardar makaranta a hannu, lissafi, Turanci, kimiyya. In yaro ya miƙa hannu ga ɗan littafin labari mai hotuna, sai ka ji, "Ajiye, ba ya cikin jerin." A gida kuma bai taɓa ganin babansa riƙe da komai ba sai waya.

Ɗan Fagge:
Alhaji, a nan kam ban bi ka ba. Maganar barewa ta gado ce, ta jini, ba ta koyi ba. In haka ne ɗan wanda bai yi boko ba ya haƙura ke nan? Mahaifina dukanci ya yi har ya rasu, Allah ya jiƙansa, ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba. Amma kullum in ya dawo sai ya sa in karanta masa takardar da aka ƙunso masa ƙosai a ciki, yana gyaɗa kai kamar wa'azi yake ji. Daga nan na fara, har na zo ina tafiya ƙasa zuwa ɗakin karatu na Murtala Muhammad.

Mai Littattafai, Sabon Gari:
To ai ka kawo min shaida, ƙanena. Mahaifinka ya yi gudun, da kunnensa ya yi.

Almajirin Madabo:
Malama, na karɓi rabin maganarki. Dukan yaro ba ya cikin karin maganar. Amma kada a yaudari yaro cewa kullum daɗi ne. Ranar da littafi ya yi masa tauri, juriyar da bai koya ba ba za ta zo ba.

Maman Biyu, Gwammaja:
Na gode ƙwarai. Daren yau na roƙi kakar ta yi masa tatsuniya, ni kuma ina rubutawa da manyan baƙaƙe a bayan littafinsa na aikin gida. Da ta ce "ƙurunƙus" na miƙa masa, na ce ya nemo min duk inda aka rubuta Gizo. Ya samo bakwai, ya tsallake biyu. Hajiyar dai na nan kan bakanta, ta ce gobe in ya zo kan "ƙ" da "k" zan ga maɗacin. Yanzu haka yana barci da littafin a ƙarƙashin filo.