Ranar da mota ba ta iso ba: me ya same ku, me kuke ajiyewa yanzu?

Mai kanti, Kusiri

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Damina ta kawo jiki, ni kuwa da na ga hadari ya fara haɗowa sai hankalina ya koma kan hanyar Mora zuwa Dabanga, wadda kayanmu ke biyowa a nan arewacin Kamaru. Kantin kayan masarufi gare ni, shekara goma sha ɗaya ina kai, ban taɓa kama sito ba. Sukari ya rage buhu biyar, sai in buga wa dilana waya a Marwa, kwana biyu ko uku mota ta sauke mini. Kuɗi na juyawa, ba kuɗin haya, ɓera bai ci ba. Haka kusan duk layinmu ke yi.

Sai ƙarshen watan Agustan 2020 gadar Palar ta rufta a Marwa. Manyan motoci suka yi layi ta can, mu muna nan muna kallon kanta tana yin fayau. Sukari ya fara ƙarewa, sai man girki, sai taliya, har sabulu. Akwai wata tsohuwa da ke zuwa kullum da hantsi da ɗan kwanonta na silba, tana awon sukarin kokon jikokinta. Sau uku tana zuwa ina ce mata, Inna sai gobe in Allah ya so. Rana ta huɗu na hango ta ta wuce kantina ko waiwaye ba ta yi ba, ta shiga na wani mai sito a bayan gida. Har yau can take saye, kuma ban ga laifinta ba. Cinikin da na rasa a kwanakin nan na mayar da shi tuni, ita ce ban mayar ba.

Ina so kowa ya faɗi abin da ya same shi ranar da kaya suka yanke, da abin da yake ajiyewa yanzu. Wanda ya faru a kanka nake so, ba ji-na-ji ba.

Direban tirela, Gaundare

Wa alaikumus salam Alhaji. Buhun da kake kira a kawo maka cikin kwana biyu, ya yi wata ko fiye yana tafiya kafin ya shiga hannun dilanka. Jirgin ruwa ya sauke a Duwala, a jira takardun duwan, wato kwastan, a ɗora wa jirgin ƙasa zuwa Gaundare ko a biyo titi, sannan mu ɗauka. Mu gangara dutsen nan na tsakanin Gaundare da Garwa a hankali ƙafa na kan birki, mu wuce Figil, Marwa, Mora, Waza, Dabanga, Kusiri, mu haye gadar Ngeli. Daga Duwala zuwa Injamena ya haura kilomita 1,800. Akwai hanyar Tuboro zuwa Mundu, da yawanmu ita muke bi in Injamena za mu, amma ku na Kusiri ba ta fisshe ku ba.

Na taɓa kwana shida tsakanin Waza da Dabanga don mota ɗaya ta kafe a laka ta tare hanya. A ƙarƙashin tirela muke dafa shinkafa ni da yaron motata, mai kaya yana ta kira yana zaton wani wuri na tsaya. Daga Yuli zuwa Oktoba kada ka yi lissafi da kwanan da mota ta saba yi, yi da mafi tsawon da ta taɓa yi. Kuma ka samu direba ɗaya ko biyu da kuke gaisawa. Mu muke fara sanin hanya ta ɓaci, kafin rediyo ta faɗa.

Hajiya mai abinci, Injamena

Ni tawa ba daga Duwala ta zo ba, a gida ta same ni. Farkon 2019 gas ya ɓace a garin nan. Matatar mai ɗaya ce tak a ƙasar, aka tsayar da ita don gyara, shi ke nan. Tukunyar gas biyu gare ni lokacin, duka a kan wuta, in ɗaya ta ƙare yaro ya je ya canzo ya dawo kafin miya ta huce. Ranar ya tafi da asuba ya dawo bayan la'asar da tukunya ba komai a ka, ya ce Hajiya layin ya zagaye unguwa. Ga shi an hana gawayi a Cadi tun wajen 2009, ba abin da za ka juya ka kama cikin sauƙi. Da ƙwallon goruba da busasshen kashin shanu na riƙa dafa tuwon mutum fiye da hamsin, idona ya yi jawur, tari ya kama ni har bayan abin ya wuce.

Yanzu tukunya biyar gare ni. Biyu a wuta, uku cike a inuwa nesa da murhu. Dokata ɗaya ce: ranar da aka ɗauko cikakkiya, ranar za a kai wadda ta ƙare a canzo, ko da kuwa gas ya yi yawa a gari har ana roƙon mai saye. Da adashi na sayi ukun, ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan kasuwa, Garwa

Ku yi haƙuri in ɗan saɓa muku, don kada ƙaninmu na Kusiri ya tashi gobe ya zuba jarinsa duka a sito. Ajiya ma tana cin mutum. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022 aka ce alkama za ta yanke, na ranto kuɗi na cika ɗaki da fulawa. Farashi ya hau, gaskiya ne, na ci riba a kan rabi. Ragowar kuwa zafin Maris da Afrilu na Garwa ya same ta a ɗakin kwano. Da na buɗe buhunan ƙasa sai ƙwari da tsutsa, ga wani wari. Masu kaji na sayar wa da ita. Siminti ma ya taɓa yi mini haka, damina ɗaya ya sha laima ta ƙasa ya daskare, alhali ga masana'anta nan kusa a Figil, ba dalilin tara shi.

Sannan kayan Najeriya. Na tara kayan roba da taliya daga Mubi, sai naira ta faɗi a 2023 ta sake faɗuwa a farkon 2024. Wanda ya je da sefa bayana ya sayo da arha, ni ina zaune da tsohon kaya mai tsada. Don haka ni dai abin da na tsaya a kai: shinkafa, sukari, gishiri, sabulu, ashana, waɗannan suna jure zama in an ɗora su kan katako ba su taɓa bango ba. Fulawa da mai kada su wuce 'yan makonni. Kuma kada ka yi ajiya da kuɗin bashi.

Mai gidan burodi, Marwa

Alhaji na Garwa ya yi gaskiya a kan fulawa. Ni kuwa abin da ya tsayar da ni ba fulawa ba ne. Lokacin korona ina da fulawa, ina da itace, ma'aikata na nan, yis ne babu. Abin da bai kai cikin tafin hannu biyu ba a kwaɓi guda ya hana ni kunna tanda kwana huɗu. Kowa ya duba sana'arsa ya nemo ɗan ƙaramin abin nan mara tsada da in babu shi komai ya tsaya. Mai injin niƙa bel ne, tela allura ce da man keke. Ni yanzu busasshen yis na wata uku ba ya rabuwa da ni, ko kusurwar ɗaki bai cika ba.

Ma'aikacin sito, Injamena

Malam mai burodi ya taɓo ainihin wurin. Wannan tsari na kawo kaya daidai lokacin buƙata, manyan masana'antu ne suka mayar da shi ilimi. Kamfanin Toyota na Japan ya shahara da shi bayan yaƙin duniya na biyu, a hannun wani injiniyansu Taiichi Ohno. Ya yi musu aiki don masu kawo musu kayan haɗa mota yawanci suna kusa da masana'anta, titi lafiya lau, mota na zuwa a kan lokaci. Duk da haka girgizar ƙasar 2011 ta tsayar da su wata da watanni. Daga nan suka sa masu kawo musu ƙananan na'urorin lantarki na cikin mota su riƙa ajiye na watanni, sauran kaya kuma suka bar su a kan tsohon tsari. A Maris 2021 kuma jirgin ruwa ɗaya ya gicciye a mashigin Suwez kwana shida, duniya duka ta ji a jikinta. To ina ga mu da ke ƙarshen hanya?

Lissafin da muke yi a wurin aiki ba wuya. Buhu nawa kake sayarwa a rana? Kwana nawa mota ta taɓa yi mafi tsawo? Ka ninka wannan da wancan. In buhu biyu kake sayarwa, mota ta taɓa yin kwana goma, to da kaya sun sauko buhu ashirin ka buga waya, kada ka jira biyar. Sannan wanda ya fara shiga sito shi zai fara fita. Muna rubuta ranar shigowa da alli a jikin buhu.

Ɗan acaba, Marwa

Mu namu zuwa-zuwa ne, wato fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a kwalba. Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce an cire tallafin mai a Najeriya, kafin mako ya zagayo kwalbar da muke saye a bakin titi ta yi tsalle, wasu teburan ma suka watse, kowa ya koma gidan mai layi ya yi tsawo. Amma don Allah kada wanda ya karanta maganar ajiya ya kai fetur ɗaki. A unguwarmu wani ya jera jarkoki a shagon da ke jikin gidansa, zafi ya kumbura su, wuta ta tashi da dare. Mun fitar da yaran, Allah ya kiyaye rai, amma gidan ko tabarma ba a ɗauka ba. Ni tankin babur ɗina kawai nake cikawa tun da yamma, ba na bari ya sauka ƙasa da rabi.

Uwar gida, Yagwa

Ba wanda ya ambaci magani. Mahaifiyata na shan na hawan jini kullum. Da muna saye ne in kwali ya rage ƙwaya biyu ko uku. Ambaliyar 2024 ta zo, ruwa ya raba garin, muka koma makaranta da zama, kantin maganin da muke zuwa ruwa ya shiga. Kwana biyar ba ta sha ba, kanta na sarawa, ina zaune gefenta ina fifita ta ba abin da zan iya. Da abin ya lafa na je na yi wa likita bayani, ya rubuta mana na wata biyu. Yanzu kwali ɗaya na hannu, ɗaya na cikin leda a ƙulle tare da takardun haihuwar yara, cikin jakar da zan fara ɗauka in an ce a fita. Ina duba ranar lalacewarsa duk sayen da na yi, tsohon ta fara sha.

Malamin makarantar allo, Kusiri

Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Wani ya tambaye ni a masallaci ko irin wannan ajiya ba ta shiga ɓoye kaya da aka hana. Hadisi ya tabbata cewa ba mai ɓoye kaya sai mai saɓo, ya kuma tabbata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan ajiye wa iyalansa abincin shekara. Wanda ya saya lokacin wadata, da hanya ta yanke ya buɗe sitonsa ya sayar wa jama'a, ya taimaki gari. Wanda ya ji gada ta karye ya ruga ya kwashe ragowar da ke kasuwa ya kulle yana jiran mutane su galabaita, shi ake wa kashedi. Na ga iri biyun a garin nan a 2020, jama'a kuma ba su manta ko wanne ba.

Manomi, kusa da Mora

Iyayenmu ba su san waya ba, rumbu suka sani. Gero a zangarniyarsa yake zama, masakwa in an girbe ta da rani ita ke raka gida har kaka. Mu ne muka koyi sayarwa duka a bakin gona mu dawo muna awo a watan Agusta da tsada. Wake ne ya fi ba mu wuya saboda ƙwari, amma buhun PICS mai leda biyu a ciki ya raba mu da wannan. Wake ya bushe sosai, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban, ba sai ka zuba magani ba. Na buɗe nawa bayan wata bakwai ba huda ko ɗaya. Sai dai ka tsare shi daga ɓera, in ya huda ledar aikin ya ɓaci.

Mai kanti, Kusiri

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya bayan isha'i na zauna da littafin kanti na yi lissafin ɗan'uwanmu na Injamena. Sukari da shinkafa da sabulu kaɗai zan iya, jarina bai kai in haɗa da mai ba, kuma na ji kashedin Alhaji na Garwa, ba zan ci bashi ba. Mun yi magana da maƙwabtana biyu za mu kama ɗaki ɗaya mu raba haya, kafinta zai yi mana katakon ɗora buhu ranar Asabar. Yaya direba, in ka taso daga Gaundare makon nan ka sanar da ni yadda ka baro Waza, ina so kayana su shigo kafin ruwa ya zauna.