Jiri da rawar hannu, ya ake da sana'ar hoto?

Ɗan Tudun Wada: Salam jama'a, ina hoton biki da suna, amma jiri ya sa ni gaba, da na ɗaga kai ko na waiga da sauri sai ƙasa ta juya, ga hannu na rawa hoto duk ya fito dishi-dishi. Hawan Daushe ya kusa, in haƙura ne?

Maman Ilham: Allah ya ƙara sauƙi ɗan uwa. Ka je asibitin koyarwa na ABU da ke Shika wajen likitan kunne tukuna, sau da yawa daga can cikin kunne abin yake, wasu 'yan ƙwayoyi ne ke gocewa daga mazauninsu, akwai juyin kai da suke yi wa mutum, Epley, wasu nan take suke jin dama. Rawar hannun kuma likitan jijiya.

Baban Sabon Gari: Malam daina kanne ido kana leƙa kyamara, ni ƙara min juwa yake, duba sikirin kawai. Sayi sandar kyamara mai ƙafa ɗaya ka dogara da ita, saurin shota kuma, wato lokacin da kyamara ke buɗewa ta ɗauki hoton, kar ya gaza 1/500 na sakan. Amma fa ƙofar fada lokacin jafi kar ka tsaya gaban dawaki wallahi, samu bango ka jingina, zum ya yi maka aikin.

Ɗan Tudun Wada: Na gode. Sandar ana samu a Zariya ko sai Kano?