Neman taimako: layin DATA ya dushe a tsohuwar mujallar Spectrum

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda ya san ZX Spectrum, 'yar kwamfutar Sinclair mai maɓallan roba da ta fito a Ingila a 1982.

Muna kwashe kayan marigayi Baba na tarar da ƙananan mujallun masu sha'awarta da ya dawo da su daga karatu can. Ba bugun kamfani ba ne. Mutum ne zai rubuta a ɗakinsa, ya yi fotokwafi, ya ninke takardun, ya danna musu ƙarfe a tsakiya, ya aika ta gidan waya. Tsatsa har ta ci tsakiyar shafukan.

A ɗaya akwai wani wasa da aka rubuta da BASIC, yaren shirya manhaja na kwamfutar, wanda ake kwafa da hannu. Na shigar da shi a manhajar Fuse mai kwaikwayon Spectrum a kwamfutar zamani, kwana uku ina fama, kullum sai ya tsaya da saƙon "E Out of DATA", wato umarnin READ ya nemi lamba a layukan DATA, inda ake jera lambobin wasan, ya tarar sun ƙare. Layin DATA na ƙarshe ne matsalar. Daga takarda mai ƙyalli ta na'urar bugawa ZX Printer aka kwafo shi, lambobin sun dushe, 8 da 0 sun zama ɗaya, wasu waƙafi sun ɓace. Na ɗauki hoto da waya, na haska tocila ta baya, shiru.

Don Allah akwai dabarar fito da rubutun? Ko zan iya gano adadin lambobin daga layin READ?