Dalmar azurfa tana dunƙulewa, waya kuma tana karyewa: ina kuskuren yake?

Ɗan Koyo Agege:
Assalamu alaikum. Watanni bakwai ke nan ina koyon aiki a wani ɗakin haɗa haƙora a nan Legas. An ba ni aikin liƙa waya mai kaurin milimita 0.9 a jikin zoben ƙarfe marar tsatsa, irin wanda ake sa wa yaro domin ya riƙe gurbin haƙorin da aka cire masa. Duk lokacin da na kai wuta, sai dalmar ta dunƙule kamar ƙwayar gero ta ƙi bin mahaɗar, wurin ya yi baƙi, wayar kuma ta yi laushi har ta karye idan an lanƙwasa ta. Zobba uku na lalata a makon nan. Malamai, ku taimaka mini.

Tsohon Hannu Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin komai, ka duba irin fulaks ɗin da kake shafawa, wato sinadarin da ake sa wa mahaɗa don dalma ta kama, domin ina kyautata zaton na boras ne, wanda aka yi don zinariya. Ƙarfe marar tsatsa yana ɗauke da kuromiyam kimanin kashi 18 cikin ɗari, kuma shi ne yake yi masa wata siririyar fata da ke hana tsatsa, ita ce kuma take hana dalma kamawa. Boras kaɗai ba ya cin wannan fatar, sai fulaks mai sinadarin fuloraid.

Laushin wayar kuwa daga daɗewar wuta ne. Dalmar azurfa tana narkewa kafin zafi ya wuce digiri 700, saboda haka da ka ga ƙarfen ya fara ja-ja mai duhu, lokaci ya yi. Idan ka bari ya yi ja wur, ka kashe ƙarfin wayar, kuma a bakin yaro nan ne tsatsa za ta fara ci. Ka rage harshen wutar ya zama siriri, ka yi aiki da wurin da ke gaban tsinin shuɗin nan na ciki kaɗan, ba can ƙarshen harshen ba, inda iska take baƙanta ƙarfe. Kada ka ɗora wutar a kan dalmar kanta; ka ɗumama mahaɗar, domin dalma wajen da ya fi zafi take bi. Da ta malala, janye wuta ka tsoma aikin cikin ruwa.

Hajiya Mai Leburatori:
Abin da Baba ya faɗa haka yake. Ƙarin da zan yi, ƙanena, shi ne ka kashe fanka kafin ka kunna wuta. Na san zafin Legas ba ya barin mutum, amma na taɓa shafe yini ina zargin dalma, ashe fankar da ke bayana ce take kaɗa harshen wutar. Sai dai a bar hanyar fitar hayaƙi, domin hayaƙin fuloraid ba abin shaƙa ba ne, kuma a sayi dalmar da babu kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, a cikinta. Ka kankare zoben sarai, kada ka taɓa shi da yatsa bayan haka. Inda ba ka son dalma ta kai, ka goga bakin fensir, ba za ta tsallake ba.

Injiniya Mile 12:
Idan kuna da ƙaramin injin walda na ɗigo, ka fara ɗana wayar a jikin zoben da shi, sannan ka bi da dalma, don kada ta motsa. Dalmar masu gyaran rediyo kuwa kada ta kusanci wannan aiki, yawancinta akwai gubar darma a ciki.

Ɗan Koyo Agege:
Na duba kwalbar, Baba, lallai ta boras ce. Maigidana ya aika a sayo mai fuloraid, gobe da safe zan gwada a kan tsofaffin zobban nan uku tukuna. Allah ya saka muku da alheri.