Gani Ya Kori Ji? A Zo a Kara da Baiti

Ɗan Kwari:
Salamu alaikum 'yan zaure. Ga ta wannan mako: gani, ji, shaƙa, ɗanɗano, taɓi. In aka ce a bar maka ɗaya tak, wanne za ka riƙe? Ƙwar huɗu, ban da dogon wa'azi. Na buɗe.

Ku kwashe huɗun ku bar min gani,
Da shi nake tantance zani,
Da shi na san damina da rani,
Gani ya kori ji, jama'a.

Ido ba mudu ba, ya san kima,
Da shi ka gane gwal da dalma,
Mai kunne sai jita-jita ma,
"An ce, an ce," aikin banza.

Na-Zazzau:
Bakano sannu da auna yadi,
Idonka kullum yana kan kuɗi,
Ka zo zaure kana ta faɗi,
Kiran salla da me ka ji?

Ran da ka faɗo kana ta ƙara,
Da kunnenka Baba ya fara,
Ya yi huɗuba, ido na jira,
Kunne ya girmi kaka, ka ji.

In ka rufe shago ka buɗe Suratun Nahli, aya ta 78, ka ga wanda aka fara ambata tsakanin ji da gani.

Maman Hanan:
Allah ya ƙara basira Malam! Baiti biyu kacal an naɗe tabarmar Kano.

Ɗan Fagge:
An naɗe ta wa? Maman Hanan, ke ko tari Bazazzagi ya yi sai ki ce fasaha ce. Yaya Ɗan Kwari, sauke masa dila.

Ɗan Kwari:
Bazazzagi bawan gidanmu,
Ka jawo aya don ka kā mu,
Zo asibitin ido na garinmu,
Ka ga layi tun da asuba.

Mai yana da mai amosani,
Sun bar gida tun farkon rani,
Kowa roƙonsa a ba shi gani,
Don kunne wa ya sai da gona?

Na ECWA nake faɗa, wanda ke nan tun 1943. 'Yan garinku ma nan suke zuwa, mu muke ba su masauki.

Na-Zazzau:
A Zariya mun yi makaho,
Da waƙarsa ta zarce ƙaho,
Masu ido sai "oho, oho,"
Suka durƙusa gabansa su ji.

Aliyu Namangi ke nan, mai Imfiraji, da ya rasu a 1990. Bai ga alƙalami ba, amma har yau masu tabarau a jami'a suna ta rubutu a kansa. Kawo naka.

Hajja Mai Humra:
Maza kun cika mana kunne. Ku matsa.

Idon Yakubu ya yi fari,
Daga Masar an taso ayari,
Hanci ya kai masa labari,
Kafin riga ta iso gida.

Ran da korona ta toshe hanci,
Miya ba daɗi, kuma ba armashi a ci,
Daddawa ta rasa mutunci,
Mai ido biyu ya ture tasa.

Wanda ya sha ta a 2020 ya san abin da nake faɗa. Kuma in gas ya zubo a kicin, ku aiki ido ya gano muku.

Ɗalibin Aruli:
A gafarce ni, ba zan iya shiru ba. Yaya Ɗan Kwari, ɗangonka na fari gaɓa 10 ne, na biyu 9, kuma ba ka hau karin Ramal ba, ba ka hau na Mutadarak ba. Waccan "ma" ta bayan jita-jita cusa ta ka yi don amsa-amo ya fita. Malam Na-Zazzau, yadi da kuɗi ba harafi ɗaya ba ne. Hajja, "miya ba daɗi, kuma ba armashi a ci" ya fi 'yan uwansa tsawo nesa ba kusa ba.

Hajja Mai Humra:
Ɗana, miyar ce ta yi yawa. Kai kawo naka baitin mu ɗanɗana.

Ɗan Fagge:
Wata uku yana zauren nan bai taɓa ajiye ɗango ɗaya ba, sai jan biro. Makaɗan fada da suka shekara suna waƙa wa ya ƙirga musu gaɓa?

Ɗalibin Aruli:
Su suna da ganga tana riƙe musu kari. Ku me ke riƙe muku? Rubutacciyar waƙa da ma'auni take tafiya tun zamanin masu jihadi. Halilu ɗan Ahmad na Basra ya fitar da karuruwa 15, Ahfash ya ƙara na 16. Ko ɗaya dai a hau.

Maman Hanan:
Ni dai na rera na Malam ya zauna daram. Na Kano ne ke ɗingishi.

Ɗan Fagge:
To ga ta nan kuma.

Na-Zazzau:
Ku bar yaro, aikina yake yi.

Ɗalibi na gode da gyara,
Halilu kansa da ya tsara,
Da kunne ya auna, ya saurara,
Ko karin ma sai an ji.

Ɗalibin Aruli:
Malam, ɗango na uku ya zarce da gaɓa ɗaya.

Ɗan Maraɗi:
Ku yi haƙuri, tun shekaranjiya nake turowa intanet ta ƙiya. Na tarar kun yi nisa, amma duk kun mance fata.

Mai kuturta ya ɗau garwashi,
Bai ji ba har ya ci naman shi,
Ido na kallo bai hana shi,
Zafi ma rahama ne, ku sani.

Mai suga ƙusa ta shige shi,
Sai wari ne ya sanar da shi,
Makaho yatsa ke karantar da shi,
A Gindiri ku je ku gani.

Makarantar makafi ta Gindiri nake nufi. Nan kusa da mu kuma akwai asibitin kuturta na Danja, can ake ganin abin da rashin jin zafi ke yi ma yatsu. Kuturtar ba ta gutsure su da kanta, ƙuna da rauni ne da mutum bai san ya yi ba.

Hajja Mai Humra:
"Sai wari ne ya sanar da shi." Na gode ƙanena, ka yi wa hanci aiki kyauta.

Ɗan Kwari:
Kuma ya rufe da "ku je ku gani." Duk inda aka zaga gidana ake kwana.

Sarkin Ci:
Ni harshe na zaɓa ba kunya,
Kilishi da fura da gurasa da miya,
Hanci bai san daɗin gishiri ba ai,
Ku ci gaba ni na tafi cin tuwo.

Ɗalibin Aruli:
Inna lillahi.

Alaramma Na-Gusau:
Tunda an ce ban da wa'azi, ga hukunci a taƙaice. A Risala, idanu biyu diyya ce cikakkiya, ji ma diyya ce cikakkiya, raƙuma 100 kowanne. Mai ido ɗaya in aka tsiyaye masa shi, cikakkiya ake biya. Sai ku raba kunnen doki.

Ɗan Kwari:
Allah gafarta Malam, ai ka ba ni.

Ido guda an biya shi ɗari,
Bazazzagi sai ka yi haƙuri,
Kawo kunnenka in sa a tari,
Ko kwandala ba mai taya.

Na-Zazzau:
Ka ji Bakano, har a diyya ciniki yake. Ina hanyar Kaduna, in na sauka za ka ji.

Ɗan Kwari:
Rubuto dai. Da ido zan karanta.

Maman Hanan:
Malam, kada ka rubuta masa. Turo da murya.