Muhawara: Kullen korona ya fi cutar da 'yan daudu da masu neman jinsi?

Likita, Tudun Wada: Ana cewa annoba ba ta zaɓe. Ƙwayar cutar ce ba ta zaɓe, kulle kam ya zaɓa. Da aka rufe jihar Kaduna a ƙarshen Maris 2020, mai shan maganin ƙanjamau a ɓoye ne ya fara shiga uku. Da yawa cikin 'yan daudu da maza masu neman maza ba sa karɓar magani kusa da gida. Na cikin birnin Zariya kan tafi har Kaduna don kada a gane shi. A shinge kuwa sai an ga katin asibiti, katin nan shi ne tonon asiri.

Jami'in lafiya, Samaru: Likita, mai ciwon suga da mai naƙuda ma shingen ya tsare su. Ban ga dalilin ware wasu ba.

Hajiya, mai harhaɗa magunguna, Sabon Gari: Malam, mai suga zai aiki ƙanensa ya karɓo masa. Wannan wa zai aika? Kuma TLD, maganin ƙanjamau, ƙwaya ɗaya ce kullum, ba fashi. In aka daina, cikin 'yan makonni ƙwayar cutar ta dawo jini, ya koma yana iya yaɗa ta. Abin da ake mantawa shi ne ciwon hanta nau'in B: tenofovir da lamivudine da ke cikin TLD su ke danne shi, tsayar da su farat ɗaya na iya tayar da hanta, ido ya yi ɗorawa. PEP kuma, maganin kariya da ake sha bayan haɗuwa da ƙwayar ƙanjamau, cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28. Kulle kan cinye awannin nan.

Jami'in lafiya: Ai an koma ba da maganin wata 3 zuwa 6.

Hajiya: Ga wanda ya iso. Kuma kwalba shida a ɗakin da yayyensa ke kwana, ina zai ɓoye su?

Likita: Ga dokar 2014, mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi da shekara 10 kan ƙungiyoyinsu. Tsoronta kan sa mutum ya ba da sunan ƙarya da lambar bogi, in ya ɓace ba a iya bibiyarsa. Wanda abincin sayarwa ko hidimar biki ke riƙe da shi kuma, sana'a ta tsaya cak, ko kuɗin mota babu.

Jami'in lafiya: Batun bibiya na karɓa, sauran da sauran magana. In wata annoba ta zo, a yarda majinyaci ya karɓa a kowace cibiya da lambar katinsa kaɗai, takardar wucewa kuma kada ta ambaci cuta.