Zan yi wata uku a Japan: me mutum zai ci a ƙananan gidajen abincinsu?

Abu Sadiƙ, Jekadafari:

Assalamu alaikum jama'a, da fatan an yini lafiya.

Ni malamin gona ne, aikina da manoman shinkafa na rani a wajen Dadin Kowa. Allah ya nufa sunana ya fito cikin masu zuwa kwas ɗin noman shinkafa na wata uku a garin Tsukuba na ƙasar Japan, bayan babbar sallah za mu tashi. An ce masaukinmu yana da ɗakin cin abinci, amma ni na san halina. Ko Kano aka tura ni taro, ba na kwana biyu a kan abincin otal. Sai na bi lungu na nemo mai tuwo, na zauna a benci da masu acaɓa, sannan nake jin na shigo garin. Haka nake so in yi a can, in ci inda ma'aikata da 'yan makaranta ke ci.

Sau ɗaya na taɓa cin abincin mutanen Asiya, a Abuja, wani abokin aiki ya ja ni. Na nuna hoton kaza a takarda, aka kawo min kaza mai zaƙi kamar an tsoma ta a alewa, ga tsinkaye biyu a maimakon cokali. Na yi ta farautar nama a faranti har abokin nawa ya ƙoshi. Da muka fito sai da na tsaya wurin mai shayi.

Tambayata: Musulmi zai iya shiga irin waɗannan wurare ya ci ba tare da zuciyarsa ta yi ɗar-ɗar ba? Me zan nema, me zan guda? Uwargida dai ta riga ta yanke hukunci, ta ce dambun nama da kilishi za ta cika min jaka.

Baffa Mai Waya, Tsohuwar Kasuwa:

Wa alaikumus salam. Malam Abu, Allah ya sanya alheri. Japan ban je ba, amma Gwanzu ta Sin na yi mata zuwa ya fi goma saro kayan waya. Can abin da ya cece mu shi ne shagunan taliyar Lanzhou na Musulmin ƙasar. Za ka gane su da farar hula a kan maigidan, da alamar da suke kira cinjan, wato halal. A gabanka yaro zai ɗauki curin ƙullin fulawa ya ja, ya ninka, ya sake ja, kafin ka gyara zama ya zama taliya. A zuba a romon naman shanu, a sa man barkono. A unguwar Shawbei, inda baƙaƙen fata suka fi yawa, kullum da ita nake karya kumallo. In ka ga irinsu a Japan ka tambaya, ka shiga. Tsinke kuwa kada ya dame ka, yunwa ce ke koyar da shi. Ni kwana uku na yi na iya.

Adda Zainabu, Tumfure:

Malam Abu, barka da wannan dama. Na yi shekara huɗu a Japan ina karatu, a Osaka, don haka bari in yi maka dogon bayani, ka yi haƙuri.

Kafin komai, ka ce wa uwargida ta ajiye kilishinta. Japan ba ta yarda a shigo mata da nama ba, ɗanye ne ko busasshe, in ba da takardar hukuma ba. A filin jirgi akwai karnukan da ke shinshina jaka, kuma tun 2020 tarar ta kai har yen miliyan 3 na kuɗin Japan, ko ɗaurin da zai iya kaiwa shekara uku. Kada ka je kwas ka ƙare da bayani a ofishin kwastan a kan dambu. Yaji shi za ka fi kewa, don abincinsu bai cika barkono ba. In ka ɗauka, ka nuna musu shi a filin jirgi su duba.

Abu na biyu, kalmar da za ka fara haddacewa ita ce buta. Da Japananci buta alade ke nan, ba ta alwala ba. Ranar da na fara jin mai shago yana ta buta, buta, har na ji daɗi na ɗauka wurin sallah yake nuna min. Naman alade butaniku suke cewa.

To matsalar ba naman da kake gani a faranti ba ce, wannan ko yaro zai kauce masa. Matsalar tana cikin romo. Ramen, taliyar da za ka gani a kowane lungu da layin mutane a ƙofa, yawancinta da ƙashin alade ake dafa romonta. Wanda suke kira tonkotsu, fari kamar madara, ƙashin alade ne zalla da aka tafasa awoyi masu yawa. Ko wanda aka ce maka na kaza ne, sau da yawa an haɗa, kuma yankan naman da ke sama na alade ne. Haka miyar korinsu da ake zuba wa shinkafa, a kan sa kitsen alade a cikin haɗin. In ba shagon da ya rubuta halal ba, ka wuce ramen ko da ƙamshinta ya biyo ka har tasha.

Inda nake ci ni, shokudo ne, ƙaramin gidan abinci na unguwa. Wanda ke kusa da ɗakina wata tsohuwa ce da mijinta, kujeru ba su wuce goma sha biyu ba, da ɗan labule a ƙofa, in an rataya shi an buɗe ke nan. Kana zama za a miƙo maka jiƙaƙƙen tawul na goge hannu da ruwan sha kyauta. Ka ce teishoku, wato cikakken faranti: farar shinkafa, ƙaramin kwanon miya, kayan lambu da aka jiƙa a gishiri, da mahaɗi ɗaya. Mahaɗin da za ka nema shi ne saba shioyaki. Kada sunan ya ruɗe ka, kifin taitus ne da muke saya a ƙanƙara, an barbaɗa masa gishiri an gasa, ba a sa masa komai ba. Lokacin da nake can bai kai yen 1,000 ba, na ƙoshi.

Miyar ita ce ta fara sa ni jin kamar gida. Miso suke ce mata, waken suya ne da aka bari ya ruɓa, ɗan'uwan daddawa. Romon da ake dama ta da shi kuwa daga ganyen teku ne da busasshen kifi mai hayaƙi da aka kankare, kamar banda. Daddawa da banda, ka ga ai ba baƙon abu ba ne. Sai dai ka duba kada a kawo maka tonjiru, ita ma miso ce amma da alade a ciki. Kuma tunda Tsukuba a lardin Ibaraki take, inda suka shahara da natto, za ka sha ganinsa da safe: wake ne mai warin daddawa da yauƙin kuɓewa. Turawa gudunsa suke. Ni ranar farko na cinye, tsohuwar ta kira mijinta ya zo ya gani.

Wasu shagunan ba ka magana da kowa. Na'ura ce a bakin ƙofa, ka sa kuɗi, ka danna hoton abin da kake so, ta ba ka tikiti ka miƙa. Shagunan sushi, wato ɗan curin shinkafa da yankan kifi a kai, masu faranti a kan bel mai zagayawa su ma da sauƙi, a yankin Osaka aka fara su a 1958. Ka ɗauki abin da ya yi maka, a ƙirga faranti a ƙarshe. In ɗanyen kifi ya gagare ka akwai gasasshe da dafaffen jatan lande. Koren abin nan wasabi, ka taɓa kaɗan. Ba harshe yake kamawa ba, hanci yake hawa har ƙwaƙwalwa.

Ladabi kaɗan: kada ka soke tsinke a tsaye cikin shinkafa, haka suke yi wa mamaci. Ba a ba da tukuici, in ka bar canji za a biyo ka da shi. Wurin da ka ga jan fitila da hayaniya da daddare, galibi izakaya ce, mashaya ce mai abinci, ba ta ka ba ce.

Ga abin da zai yi maka daɗi a matsayinka na malamin gona: Japan na cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya. Wanda za a barbaɗa maka a kan shinkafa, wa ya sani ko daga buhunan kasuwar hatsinmu ya taso.

Hamma Usman, Pantami:

Adda, kin yi bayani, amma kin tsallake abin da ya fi damun mutane, wato mirin. Giyar shinkafa ce mai zaƙi, ta asali tana da barasa wajen kashi 14 cikin ɗari, kuma da ita suke girki kamar yadda muke sa magi. Tana cikin romon taliyar udon da ta soba, da ruwan da ake tsoma tempura, wato kifi ko kayan lambu da aka soya cikin ƙullin fulawa, da duk gashin da aka ce masa teriyaki. Shi kansa shoyu, baƙin ruwan waken suyan nan, yana da ɗan barasa daga ruɓawarsa. To ina mafita?

Ni a Malesiya na yi digiri na biyu, can ba wannan lissafin. Shagunan mamak na Indiyawa Musulmi wasu ba sa rufewa dare da rana. Ƙarfe biyun dare ka fita ka ci roti canai, wato gurasarsu, da miyar wake, ka sha teh tarik, shayin da ake ɗagawa sama a zuba kamar yadda masu shayinmu ke yi. Da hannu ake ci, ga barkono har ya ishe ka, ga tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, a wurare da yawa. Shawarata, Malam Abu, a Japan ka nemi shagunan 'yan Pakistan da Bangladesh, ka tambaya ko namansu na halal ne, ka huta.

Adda Zainabu, Tumfure:

Hamma, gaskiyarka, na bar mirin a baya. Shi ya sa na ce shioyaki, mai gishiri kaɗai, ban ce teriyaki ba. Tempura ma da gishiri nake ci, in ture ruwan tsomawar gefe. Maganar shoyu kuwa, a masallacinmu na Osaka ma ba a taru a kan magana ɗaya ba: wasu na ci, wasu sai mai tambarin halal suke saya. Wannan Malam Abu ya zauna da malaminsa tun kafin ya tafi, ya bayyana masa yadda ake yin abin. Kifi da sauran abin teku dai a mazhabarmu ta Malikiyya ba su da matsala, kuma Japan ƙasar kifi ce.

Amma ban yarda mutum ya yi wata uku a Japan yana cin gurasar 'yan Pakistan da miyar kori kullum ba. Ranar da ya yi marmarin nama, ya hau jirgin ƙasa, minti 45 ne zuwa Akihabara a Tokiyo, daga can ya wuce Shin-Okubo, akwai layin shagunan halal da ake sayar da nama da kayan yaji. In Juma'a ce ya yi sallah a Tokyo Camii, masallacin da Turkiyya ta sake ginawa a 2000. Sauran kwanaki ya nemo tsohuwarsa mai labule. Shinkafa ya je koyo, ai ya kamata ya ci ta a hannun masu ita.

Abu Sadiƙ, Jekadafari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Adda, na rubuta buta da saba shioyaki a bayan littafina, gobe kuma zan ga limaminmu a kan maganar shoyu. Na karanta wa uwargida batun tarar yen miliyan 3, ta yi shiru, can ta ce to kilishin da aka riga aka biya kuɗinsa fa? Yara suka ce su za su ji da wannan. Baffa, na sa an fere min tsinkaye biyu na darbejiya, tun jiya nake gwaji da gyaɗa a faifai. Zuwa yanzu guda huɗu na kai baki.